Shekarar da Aka Ba Yaya Habu Fatar Rago

Ummi, ranar da kuka zo yawon sallah kin tsaya a bakin madafi kin tambaye ni, wai da gaske ne ni na kori babanki daga gidan nan. Na ce ki matsa ki ba ni wuri, miya na ƙonewa. Ba amsa na rasa ba. Matan da suka saka miki maganar a baki suna tsakar gida sun kasa kunne, ni kuma ba su zan ba labari ba. To ga shi na zauna na rubuta. Ki karanta in kin ƙara wayo, ki karanta wa 'yata Hafsa, don ita ma za a gaya mata irin nata. Ba zan tsaya lissafa miki inda aka haife ni da makarantun da na yi ba, babu abin da za su ƙara miki. Shekara ɗaya ce ke da magana a cikinta, shekarar da idon Baba ya rufe.

Gonarmu ta bayan gida ita ce filin ƙwallon ƙauyenmu. Tun kafin a haife ni haka ake yi. Da an cire gyaɗa an kwashe harawa, samari za su zo da fartanya su baje kunyoyi, su kafa itace biyu nan biyu can, su ɗaura igiya a sama, shi ke nan fili ya samu har saukar ruwan fari. Baba bai taɓa karɓar komai a kai ba. Abu ɗaya ne nasa. A gasar kaka, wadda ƙauyukan da ke tsakaninmu da Makoda suke haɗuwa su buga, in 'yan garinmu suka ci ragon da aka saka, a gidan mai gona ake yanka shi. Nama kowa ya samu, fatar kuwa mai gona ne ke miƙa ta da hannunsa ga wanda ya fi kowa wasa, a jeme masa ita ta zama buzu. Kada ki raina. Na san magidanta masu furfura da har yau in baƙo ya zo sai sun san yadda suka ja hira ta kai kan buzun da suke sallah a kai. Kuma ba a taɓa jayayya da zaɓin Baba ba, domin a gindin gawon da ke gefen gonar yake zama ya kalli kowane wasa daga farko har ƙarshe, ba ya ihu, ba ya tafi, kallo kawai.

A damunar waccan shekarar ganinsa ya ƙarasa tafiya. An kai shi asibiti a Kano, aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi. Yayyenmu mata duk suna ɗakunan mazajensu. Gidan ya rage Baba, da Inna, da Yaya Habu, wato babanki, da ni. Na gama sakandare a Ɗambatta, sakamakona ya yi kyau, Baba kuma ya riga ya yi min alƙawarin makarantar koyon aikin lafiya a Kano. Har akwati Inna ta saya min. Ana cikin haka Kawu Isuhu, ƙanin Inna da ke sayar da nama a Kano, ya zo da tasa maganar: wani koci da ke sayen nama a wurinsa yana neman ɗan tsakiya, in Habu na so ya zo a gwada shi. Tun daga ranar Yaya Habu ya daina cin tuwo da daɗi. Bai roƙi Baba ba, ba halinsa ba ne, sai dai ya zauna kusa da shi ya yi ta gyara zama. Baba ya bar shi ya gyara zaman har ya gaji, sannan wata rana da hantsi ya kira mu gaba ɗaya.

"Mutum ɗaya ne zai fita daga gidan nan bana," in ji shi. "Ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna ya riƙe gona, ya riƙe hannuna. Habu, ban san ko ka kai yadda Isuhu yake faɗa ba, rabona da ganin wasanka da kyau an daɗe. In fatar bana ta zo hannunka, ka tafi. In ba ta zo ba, ka rungumi garma, Bilki ta tafi makarantarta."

"To ai kai ke ba da fatar, Malam," in ji Inna.

"Hannuna ne zai ba da. Idon kuma sai na ara."

Mata ba sa zuwa fili a garinmu, kin sani. Amma ni ina da wurina: rufin soron Baba, inda muke shanya barkono da kuɓewa. Tun ina ƙarama nake ƙirƙirar aikin juya shanya duk ranar da ake wasa. Inna ta yi faɗa har ta gaji ta bari. Kuma bari in gaya miki, wanda ke tsaye a bakin fili ƙwallo kawai yake bi, inda ta nufa nan wuyansa ke juyawa. Wanda ke sama yana ganin waɗanda ƙwallon ba ta wurinsu, kuma a nan wasan yake. Da idon Baba ya rufe ya daina zuwa gindin gawo, ya ce ba zai zauna yana jin ihun abin da bai gani ba. Sai ya zama duk wasan da aka buga a gasar, in na sauko ni nake zama in zayyana masa. Yana jin daɗin yadda ba na ragawa kowa.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Juma'a bayan la'asar, mu da 'yan Ƙetare, ƙauyen da ke hayin rafi. Mun ci biyu da ɗaya. Ban ce mun fi su ba, na ce mun ci. Golanmu Ɗan'asabe shi ya ba su tasu kyauta: ya fito da gudu yana ihun "Tawa ce, tawa ce," ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce abinta. Amma in ba shi haƙƙinsa, bayan hutun rabin lokaci ya tare wata da ta isa ta kashe mu, ko da yake da fuska ya tare ta, kuma ban yarda ya yi niyya ba. 'Yan bayanmu tagwayen gidan mahauta ne, Hassan da Usaini, ɗaya ba ya gudu, ɗaya ba ya tunani, in aka haɗa su a samu ɗan baya guda mai kyau. Ranar dai sun yi ƙoƙari, duk abin da ya zo gabansu sun doka shi cikin gonar maƙwabta, ƙwallo ce ko ƙwaurin mutum. Sai Nura, da ake ce wa Jirgi, wanda ya ci mana duka biyun. Yaron yana da gudu, ba na hana shi. Ta biyun da ya ci ma ta yi kyau ƙwarai, ya yanke gola ya ajiye ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Amma tsakanin ta farko da ta biyu abin da ya yi shi ne tsayuwa riƙe da ƙugu, da jan safa, da duba ko ana kallonsa.

Babanki bai ci ko ɗaya ba. Ko kusa da ragarsu bai je ba. Da alƙalin wasa ya busa tashi, aka ɗaga Nura a kafaɗa, masu babura suka yi ta oda, aka zagaya gari da ragon an ɗaura masa rigar ƙwallo. Daga sama na hango Yaya Habu shi kaɗai a baya, yana kwance igiyar raga yana ɗingishi. Ya shigo gida ya durƙusa gaban Baba.

"Mun ci, Baba."

"Na ji oda. Wa ya ci?"

"Nura. Duka biyun."

Inna tana tankaɗe, na ji ta ce alhamdulillahi a hankali. Baba bai kira ni in ba shi labari ba ranar, ni ma ban kai kaina ba.

Washegari da safe aka yanka ragon. Muna madafi ni da Inna muna yanka albasa, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Ki ji ni da kyau, Bilki. In Malam ya tambaye ki, ki ce barkono kike juyawa."

"Barkono na juya, wasa kuma na gani."

"To ki faɗi abin da kowa ke faɗa. Ba ƙarya za ki yi ba. Yaron nan Nura ya ci ko bai ci ba?"

"Ya ci."

"To fa! Ke ko tausayin kanki ba kya ji? Ga akwatinki can a ɗaki. Habu ya zauna ya yi noma kamar ubansa, ke ki je ki koyo abin da zai amfane mu. Wa ya taɓa cin tuwo da ƙwallo a zuriyarmu?"

Na ci gaba da yanka albasata. Kada ki ga laifin Inna. Gaskiyarta ce, kuma ni ma ina son akwatin nan. Na sha buɗe shi in rufe ba tare da na saka komai a ciki ba.

Da hantsi zaure ya cika. 'Yan wasa, da dattijan unguwa, da Malam Sabo tela wanda shi ne kocinsu. An shimfiɗa fatar a gaban Baba an barbaɗe ta da gishiri. Ina jiyo su daga tsakar gida. Baba ya tambaya wa ya fi kowa, zauren ya ɗauka baki ɗaya: Jirgi. Ya tambaya ko kowa ya yarda, aka ce kowa. Sai ya ce a kira masa Bilki.

"Haba Malam," in ji Malam Sabo, "maganar ƙwallo ce fa."

"Na sani, Sabo. Ita ce idona bana. Ko za ka hana makaho ya tambayi idonsa?"

Na saka hijabi na tsaya a ƙofar ciki, rabina a zaure rabina a gida. Yaya Habu yana can lungu ya sunkuyar da kai. Nura ya sha wanka, har turare ya fesa.

"Yanzu mai shanyar barkono ce za ta raba mana fata?" in ji shi.

"Mai shanyar barkono ta fi ka motsi jiya," na ce.

Zauren ya fashe da dariya, har Ɗan'asabe da kumburarren hancinsa. Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce in faɗi abin da na gani, kada in ƙara, kada in rage. Na ji Inna ta daina daka a bayana.

Na ce, 'yan Ƙetare suna da wani dogo mai lamba goma, wanda tun farkon gasar babu garin da bai ci ba. Na tambayi zauren, jiya sau nawa suka ji an kira sunansa. Na ce ba a kira shi ba domin duk inda ya juya Yaya Habu na gabansa, ba ya dukansa, ba ya jan rigarsa, tsayawa kawai yake a hanyar da ƙwallon za ta bi ta same shi. Na ce filin nan gona ce, ko an baje kunyoyi sawunsu na nan. Ƙwallon da aka tura ta bi tsawon kunya tafiya take sumul, wadda aka tura ta ƙetare kunya tsalle take kamar kwaɗo. Yaya Habu ya toshe musu tsawon, ya bar musu ƙetaren, suka yini suna bin ƙwallo tana guje musu suna zagin juna. Shi kuwa duk wadda ya ƙwace, a tsawon kunya yake sakinta, a ƙasa, ta je ta tarar da Nura inda yake tsaye yana jan safa. Na ce a cire Nura a saka wani mai gudu, wataƙila mu ci ɗaya. A cire Yaya Habu, da yanzu a hayin rafi ake gasa ragon nan.

Malam Sabo ya yi gyaran murya, ya ce shi dai maganar dogon nan gaskiya ce, bayan hutu bai ga ya taɓa ƙwallo ba. Ɗan'asabe ya ce wallahi shi ma ya yi mamakin yadda ya samu sararin goge jinin hancinsa. Baba ya juya fuskarsa inda ƙamshin turare yake.

"Nura, me ka ce?"

Yaron ya daɗe yana murza hularsa. Allah ya sani na ƙara ganin girmansa daga ranar.

"Ta farkon dai, Baba, shi ya ajiye min. Ta biyun ma... daga ƙafarsa ta fito."

Sai Baba ya juyo wajena, ya yi ƙasa da murya kamar mu biyu ne kaɗai a zauren.

"Bilki, kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani."

"Kin san wa zai zauna?"

"Na sani, Baba. Tambayata ka yi."

Ya lalubi fatar ya naɗe ta, ya kira Habu. Yaya Habu bai tashi ba sai da aka kira shi sau biyu. Ya karɓa yana kallona, ni kuma na juya na koma kan albasata.

Bayan kasuwar Ɗambatta ta makon da ya biyo baya ya tafi, da akwatina, domin shi ba shi da nasa kuma nawa ba shi da aiki. Na raka shi bakin titi inda motocin Kano ke tsayawa. Tun daga gida yake neman yadda zai buɗe baki.

"Bilki, da kin yi shiru babu wanda zai ga laifinki."

"Ni zan gani."

"Me zan yi miki?"

"Ka gyara ƙafarka ta hagu. Ba ta da amfani ko na kobo, Allah ne ya rufa maka asiri 'yan Ƙetare ba su gane ba."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa, ɗan kamasho ya ce in zai shiga ya shiga.

Abin da ya biyo baya ba zan yi masa ado ba. Inna ta yi kwanaki ba ta yi min magana sai ta aiki. Matan unguwa suka ce na kori ɗan'uwana don in zama mai gida, daga nan maganar da kika ji ta samo asali. Da ruwa ya sauka ni na tsaya a kan masu huɗa, ni na koyi gane taki mai kyau da wanda aka cakuɗa da yashi, ni nake riƙe hannun Baba mu zaga gona ina gaya masa inda gero ya yi da inda wuta-wuta ta kama. Na iya, kuma na iya da kyau, amma ba shi na so ba. Wadda muka zauna benci ɗaya da ita a sakandare, wadda nake yi wa lissafi, ita ta yi wa Hafsa allurar rigakafi a Ɗambatta, cikin fararen kaya. Na gaishe ta, na yi mata murna da gaske, na dawo gida ban iya cin abinci ba. Haka na zauna tare da Baba har Allah ya karɓi abinsa. Na yi aure a nan cikin gari, gonar tana hannuna har yau, kuma samari suna zuwa su baje kunyoyi duk kaka.

Babanki kuma bai zama abin da mutanen garinmu suke kira wani abu ba. Ya buga wa ƙaramar ƙungiya na 'yan shekaru, ba a taɓa ganinsa a talabijin ba, gwiwa ta ci amanarsa. Kin fi ni sanin sauran: tuƙin Keke Napep da safe, da yamma kuma yaran unguwarku da yake koya wa wasa. Shi ya sa masu magana suke cewa na yi asarar mutum biyu a zama ɗaya. Su yi ta faɗa. Ba a tambaye ni wa zai yi arziki ba, ba a tambaye ni wa ya fi cancantar fita ba. Makaho ne ya ara idona a gaban mutane ya ce in gaya masa abin da na gani. Da na ba shi wani abu daban, da duk ranar da na riƙe hannunsa na ce masa ga rami, yana da dalilin ya yi shakka.

Bara da kaka babanki ya zo shi kaɗai, ya tarar ana wasan ƙarshe. Na ɗauka fili zai tafi, sai na ga yana lallaɓawa yana hawa tsani da gwiwar nan tasa. Bai taɓa hawa rufin ba a lokacin wasa, ko sau ɗaya, shi da kullum yana ƙasa. Ya ture barkono gefe ya zauna. Ya daɗe yana kallon wasan.

"Ashe daga nan komai ake gani," in ji shi.

"Komai."

Ya ɗaga kai ya duba bayan fili, bayan gawo, can inda motoci ke wucewa ƙanana.

"Har titin Kano."

"Har shi," na ce. "Ranar ma ina ganinsa. Matsa, ka zauna min a kan kuɓewa."